Farin Tabon da Ruwa Ke Bari a Jikin Roba

Duk wanda ya tsaya a Magama, inda shingen iyakar Nijeriya da Nijar yake a ƙasar Jibiya, ya zuba ido ga lodin motocin da ke fitowa daga Katsina suna nufar Ɗan Isa da Maraɗi, ba zai daɗe ba zai lura cewa kaso mai yawa na abin da aka ɗaure a kansu roba ce: butoci da bokitai da bahuna da jarkoki da manyan tankunan ruwa, waɗanda galibinsu daga masana'antun Kano na Sharaɗa da Challawa da Bompai suka fito. A cikin 'yan shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ba, roba ta karɓe aikin da tulu da ƙwarya da butar ƙarfe suka yi wa kakanninmu, har ta kai ga shiga makewayi, inda a yanzu masu gina sababbin gidaje da masaukan baƙi suke kafa shawa, su kewaye wurin wankan da allon roba mai haske kamar gilashi, a cikin firam ɗin alminiyam, domin kada ruwa ya fantsama ko'ina. To, amma kayan sun iso mana ba tare da ilimin kula da su ya biyo su ba, shi ya sa allon da aka kafa yana ƙyalli, kafin damina ta zagayo sai a tarar ya yi fari fat, ya dushe, ya cika da ɗige-ɗige, maigida yana zargin iyali da ƙazanta, uwargida tana zargin 'yar aiki da ha'inci, alhali kuwa babu ɗayansu da ya san haƙiƙanin abin da ya hau allon.

Abin da ya hau shi dutse ne. Ruwan sama, a lokacin da yake saukowa, kusan babu komai a cikinsa sai 'yar iskar da ya kwaso a sararin samaniya, wadda masana ke kira kabon dayoksaid, kuma ita ce ke ba shi ɗan tsami-tsamin da harshe ba ya ji. Idan ya nutse cikin ƙasa, ya ratsa yashi da laka da duwatsu na tsawon watanni ko shekaru kafin ya taru a inda rijiya ko burtsatse za ta same shi, wannan ɗan tsamin yakan narkar da wani abu daga ma'adinan da ya bi ta cikinsu, musamman kalsiyam da maganiziyam, ya tafi da su a narke, ido ba ya ganinsu, matata ba ta tare su. Misalinsa misalin sukari ne a cikin shayi, wanda ba a ganinsa sai an bar ragowar shayin ta bushe a gindin kofi. Haka kowane ɗigon da ya tsaya a jikin allo bayan wanka, ruwansa yakan tashi ya bi iska, ma'adinin kuwa ya zauna a wurin, gobe wani ɗigon ya sauka a kansa, jibi wani, har ya zama ɓawo. Wannan ɓawon, a asalinsa, jinsi ɗaya ne da allin makaranta na dā, da ɓawon ƙwai, da dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Malbaza ta Nijar ana yin siminti da shi. Kuma shi ne dai wanda ke taruwa a gindin tukunyar mai shayi, ya toshe ƙananan hujojin kan shawa har ruwa ya riƙa fita a karkace.

Mutanenmu sun san wannan ruwa tun kafin a zo da ma'auni. Sukan ce ruwan rijiya kaza na daɗi ne, na rijiya kaza kuwa zartsi ne, kuma mata sukan ce wa mai gida, "Malam, ruwan nan cin sabulu gare shi, ba ya kumfa," ko su tambayi ɗan garuwa daga ina ya ɗebo kafin su yarda ya juye. Masana sun sa wa wannan sani adadi: ruwan da ma'adinin da ke cikin kowace lita tasa bai kai miligiram 60 ba, sukan kira shi mai laushi, wanda ya haura 120 mai tauri, wanda ya haura 180 kuwa mai tsananin tauri, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya da aka fitar a 2007 ta tsayar da iyaka a miligiram 150. Idan mai karatu ya ɗauki wannan iyakar ya yi lissafi, zai ga jarka ɗaya mai lita 25 tana ɗauke da kusan giram 4 na narkakken dutse, gidan da ke shan jarka goma a yini kuwa yakan shigo da abin da ya haura kilo 13 a shekara. Mafi yawansa yana bin makwarara ya tafi, amma ɗan abin da ya rage a jikin bango da famfo da allo ya isa ya ɓata su.

A ƙasa irin ta Jibiya akwai sababi biyu da ke ƙara wa al'amarin ƙarfi. Na farko shi ne zafi da bushewar iska, domin daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, da kuma cikin hunturu lokacin da iska kusan ba ta da laima, ɗigon ruwa ba ya samun sukunin gangarowa ƙasa, a inda ya tsaya nan yake bushewa. Na biyu shi ne cewa gida ɗaya ba ruwa ɗaya yake sha ba. Akwai madatsar ruwa ta Jibiya da aka gina a kan kogin Gada a wajajen 1990, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, kogin da idan ya ƙetare iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta Madarumfa kafin ya sake komowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Ruwan irin wannan madatsa, da yake ruwan sama ne da ya taru a fili, galibi ya fi na ƙarƙashin ƙasa laushi, ko da yake ya fi shi laka. Akwai kuma rijiyoyi da burtsatse, waɗanda kowace da irin ƙasar da ta ratsa, har ta yiwu a sami biyu a unguwa ɗaya ɗanɗanonsu ya saɓa. Saboda haka matar da ta ga allonta ya fi na maƙwabciyarta saurin yin fari, kada ta ɗauka gazawar hannunta ce, ta fara binciken inda ruwanta yake fitowa.

A nan ya kamata a kawar da wata shubuha da takan damu masu tsantseni. Wannan farin ba najasa ba ne, kuma ruwan da ya haife shi bai fita daga hukuncin ruwa mai tsarki mai tsarkakewa ba, domin fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibi ke tararwa a babin ɗahara na Risalar Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun tabbatar cewa ruwan da ya canja saboda ƙasar da yake zaune a cikinta, ko gishiri ce ko waninta, canjin ba ya hana alwala ko wanka da shi. Butar da cikinta ya yi fari, alwala da ita ingantacciya ce. Ta fuskar lafiya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ga dalilin sanya wa taurin ruwa iyaka saboda cuta ba. Gyaran allo, ashe, sha'ani ne na tsafta da kiyaye dukiya daga tozarta, wanda shi ma shari'a ba ta raina shi ba.

Babbar ɓarna kuwa, wadda saboda ita na ga wajibcin yin wannan sharhi, ba ruwa ke yin ta ba, hannun mai wankewa ke yin ta, kuma da kyakkyawar niyya. Mun gaji wata hanya ta wanke-wanke daga iyayenmu mata, ta dirje tukunya da toka da yashi, daga baya aka sami soson ƙarfe da hodar goge-goge, kuma hanya ce mai hikima a muhallinta, domin tukunyar ƙasa da ta ƙarfe suna jure dirza, har ma ƙara haske suke yi. Roba ba haka take ba. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai a 1812, daga 1 zuwa 10, kuma ƙa'idarsa ita ce mai tauri yana karce wanda bai kai shi ba. A kan wannan ma'auni ƙwayar yashi tana kan 7, gilashin taga tsakanin 5 da 6, ɓawon da muke magana a kansa yana kan 3, robar da ake yin allon wanka da ita kuwa ba ta wuce wannan ɓawon ba, in ma ta kai shi. Ma'anar wannan ita ce, duk abin da ya isa ya kankare ɓawon da ƙarfin tsiya, ya isa ya karce allon. Kuma kowane karce, ko da ido bai gan shi ba, rami ne da sabulu da ma'adini za su sami wurin zama a ciki, ta yadda allon da aka dirje yau zai fi saurin yin fari gobe, a sake dirzarsa da ƙarfin da ya fi na jiya, har ya zama hazo tsantsa wanda babu magani gare shi. Ƙurar hunturu ma, wadda iska ke ɗaukowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, don haka wanda ya sa busasshen tsumma ya goge allon da ƙura ta hau, ya dirje shi da yashi ne bai sani ba. A fara zuba ruwa ƙurar ta sauka, sannan a kai hannu.

Abin da ƙarfi ya kasa, tsami yana yinsa cikin sauƙi, domin ɗabi'ar wannan ɓawo ita ce narkewa a cikin tsami. Mai son ya gani da idonsa, ya kankaro ɗan ɓawo daga gindin tukunyar shayi, ya matsa masa lemun tsami, zai ga yana tsattsafo da ƙananan kumfa, wato iskar nan ta kabon dayoksaid ce take fita. Mafi sauƙin samu shi ne farin ruwan khal da ake sayarwa a kwalba a kantuna, wanda tsaminsa wajen kashi 5 cikin 100 ne, kuma babu ƙyama a kansa, tun da abinci ne na halal wanda hadisi ingantacce ya yaba. A gauraya shi da ruwa mai ɗumi, rabi da rabi, ba tafasasshe ba, domin tafasasshen ruwa yana iya lanƙwasa siririn allo. A jiƙa tsumma mai laushi na auduga, irin tsohuwar singileti, a shafa daga sama zuwa ƙasa. Sirrin aikin yana ga jira. Tsami yana bukatar kamar minti goma zuwa goma sha biyar yana jiƙe a kan ɓawon, kuma da yake a ƙasarmu yakan bushe kafin ya gama aikinsa, dabarar ita ce a manna jiƙaƙƙen tsumman a jikin allon a bar shi, a riƙa yayyafa masa, kuma a zaɓi sanyin safiya ko bayan magariba. Daga nan a shafa a hankali, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane da wani tsumman busasshe mai tsafta. Ɓawon da ya shekara ba zai fita a zama ɗaya ba, kuma maimaitawa sau uku cikin lallami ta fi dirza sau ɗaya.

Inda babu khal, lemun tsami yana yin aikin, a tace shi a ƙara masa ruwa, haka nan garin tsamin sitirik da masu haɗa lemo suke saye, cokali biyu a lita ɗaya. Ruwan tsamiya ma yana ci, kuma an daɗe ana goge tagulla da shi, sai dai yana da zaƙi da danƙo da launi, idan ba a ɗauraye sosai ba zai bar nasa tabon ya kuma gayyato tururuwa. Na fi ganin dacewarsa ga cikin buta da bokiti, inda za a zuba shi a bar shi ya kwana. Kan shawa da ya toshe, a kwance shi a jiƙa a cikin khal na 'yan sa'o'i, hujojinsa za su buɗe.

Sai dai sau da yawa mutum zai shafa tsami ya ga bai ci ba, ya yanke hukuncin cewa maganar banza ce, alhali dalilin shi ne ɓawon ba shi kaɗai ba ne. Sabulu na asali, ko na sanda ko sabulun salo, idan ya gamu da kalsiyam ɗin da ke cikin ruwa, sukan haɗu su zama wani abu mai maiƙo wanda ba ya narkewa, shi ne dalilin rashin kumfar da mata ke kuka da shi, kuma shi ne ke manne wa allo tare da man shafawa da dattin jiki, ya lulluɓe ɓawon ta yadda tsami ba zai kai gare shi ba. Ana gane shi da taɓawa, domin ɓawo yana da kaushi, shi kuwa yana da santsi. Maganinsa sabulun ruwa na wanke kwanuka da ruwan ɗumi, a fara da shi, a ɗauraye, sannan a kawo tsami. A nan ne kanwa take da ɗan gurbi. Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna shigowa da ita daga ƙasar Nijar ta waɗannan hanyoyi, kishiyar tsami ce a ɗabi'a, tana yanka maiƙo, kuma idan aka jiƙa ta aka tace aka zuba kaɗan a ruwan wanki takan rage masa tauri, amma ba ta narkar da ɓawo ko kaɗan. Wanda ya haɗa ta da khal a kwano ɗaya yana zaton ya ninka ƙarfi, ya kashe su duka biyun ne, kumfar da ya gani kuwa alamar mutuwarsu ce. Kuma ɗanyen garinta yana da yashi a ciki, kada ya taɓa allo. Jan tabo mai kama da tsatsa, wanda wasu burtsatse ke bari, na ƙarfen da ke cikin ruwa ne, lemun tsami ya fi khal cinsa. Baƙin da ke fitowa a lungunan firam kuwa fumfuna ce, maganinta iska da bushewa.

Akwai abubuwan da nake roƙon mai karatu, don girman Allah, ya nisanta daga wannan aiki. Jibiya gari ne na direbobi da makanikai da masu sayar da mai a galan, don haka fetur da kananzir da tina da ruwan batir suna kusa da hannu, kuma akwai mai ba da shawarar a gwada su. Fetur da tina da ruwan goge farce suna cin jikin roba, su sa ta yi gajimare ko ta tsattsage da ƙananan tsaga waɗanda ba sa gyaruwa. Sifirit da ruwan goge gilashin mota mai warin amoniya su ma suna yi wa wasu nau'o'inta illa. Ruwan batir yana ƙona fata, yana makantar da ido. Ruwan wanke masai mai ƙarfi yana narkar da ɓawo, gaskiya ne, amma yana cin alminiyam da famfo da simintin da ke tsakanin tayil. Mafi haɗari duka shi ne haɗa bilic da kowane irin tsami, ko khal ko lemo ko ruwan wanke masai, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915, kuma a cikin ƙaramin makewayi mai rufaffiyar ƙofa tana iya shaƙe mutum kafin ya kai ga fita. Bilic ɗin ma, ko shi kaɗai, ba ya taɓa ɓawo, launi da ƙwayoyin cuta yake kashewa. Ko khal ɗin da muka yaba, a kiyaye shi daga daɓen mabul da tarazo, domin su ma jinsin wannan dutse ne, zai dusar da su. A jiƙa ƙasan da ruwa tukuna, a kuma ɗauraye firam ɗin nan take.

A Turai, inda birane irin su Landan suke zaune a kan ƙasar alli, an daɗe ana fama da wannan mas'ala, har wani malamin kimiyya na Sikotland, Thomas Clark, ya fito da hanyar tausasa ruwan gari da farar ƙasa a 1841, a yau kuma akwai na'urorin gida masu aiki da gishiri. Waɗannan sun fi ƙarfin aljihun yawancinmu, kuma ba na ganin hikimar kashe kuɗin da za a sayi hatsi domin allo ya yi ƙyalli. Abin da ke hannun kowa shi ne hana ɗigon bushewa a wurin. Wanda ya gama wanka ya watsa wa allon moɗa ɗaya ta ruwa don sabulu ya sauka, sannan ya tsane shi da tsumman da aka rataye musamman saboda haka, ko da 'yar robar share ruwa irin ta masu wankin mota, aikin da bai kai minti ɗaya ba, ya kuma bar ƙofa da taga a buɗe. Wanda ya lizimci wannan, wanki da khal sau ɗaya a mako biyu ya ishe shi. Da damina, ruwan saman da aka tara a mazubi mai tsafta, bayan an bar na farko ya wanke rufi, shi ne mafi kyawun abin ɗauraya, tun da babu dutse a cikinsa.

Saura allon da aka riga aka ɓata. Hanyar ganewa ita ce a wanke shi da sabulun ruwa, a bi da tsami sau biyu ko uku, a bar shi ya bushe sarai, domin muddin yana jiƙe karce da ɓawo duka ɓuya suke yi; idan ya bushe hazon yana nan, kuma yatsa ba ya jin kaushi, to karce ne, ko kuwa rana ce ta ƙona robar, kamar yadda take mayar da ita ruwan ɗorawa idan taga tana haska ta kullum. Ƙaramin karce yakan ragu idan aka murza farin man goge baki da tsumma mai laushi a kewaye-kewaye, bayan an gwada a wani lungu da ba a gani. Mai zurfi kuwa ba ya fita, kuma ci gaba da zuba masa magunguna asarar kuɗi ce; sai a kira masu aikin alminiyam su auna, su yanko sabon allo su sa a tsohon firam, wanda ya fi sauya duka arha nesa ba kusa ba. Mai sabon gini kuma, idan ruwan unguwarsa zartsi ne, ya tambayi mai sayarwa ko allon akirilik ne mai kauri ko siririyar roba ce mai arha, ya kuma auna tsakanin allo mai haske tar, wanda kowane ɗigo ke bayyana a kansa, da mai ɗan duhu ko zane, wanda ke ɓoye tabo. Idan kuwa gidan mai yara ne da yawa, ba wanda zai riƙa tsanewa bayan kowane wanka, labulen leda da za a cire a jiƙa a baho a mayar ya fi masa allo sauƙi.